Tambaya da Amsa: Mai Shiru-shiru da Kujerar Shugabanci a Wurin Aiki

Da dama daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru a kan batu guda, wato halin da masu shiru-shiru suke samun kansu a ciki a wuraren aiki, musamman idan maganar ƙarin girma ko riƙon shugabanci ta taso. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su, kuma na sakaya sunayen waɗanda suka aiko su kamar yadda suka nema.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a wata ma'aikatar jiha, ina mataki na 13, kuma kwanan nan aka ba ni riƙon wani sashe mai ma'aikata goma sha ɗaya. Tun ina yaro ba ni da yawan magana, kuma duk ranar da na wuni cikin jama'a nakan koma gida a gajiye tilis kamar wanda ya yi dako. A wurin miting, sau da yawa sai an tashi ina hanyar komawa ofis sannan abin da ya kamata in faɗa yake zo mini. Labari ya iso mini cewa wasu suna kirana miskili, wasu kuma suna cewa girman kai ne. Wanda na gada mutum ne mai barkwanci da haba-haba, kowa nasa ne. Shin mutum irina zai iya shugabanci, ko kuwa in je in roƙi darakta ya ba wani? (Wani ma'aikaci, daga Gusau)

AMSA: Wa alaikumus salam. Kada ka mayar da wannan kujera, ɗan'uwa. Abin da ka siffanta halitta ce da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe da saninta. Tun a shekarar 1921 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya bambanta mutanen da hankalinsu ya fi karkata ga jama'a da hada-hada, da waɗanda nasu ya fi karkata ga tunani da kaɗaici. Waɗanda suka biyo bayansa sun nuna cewa mafi yawan mutane a tsakiya suke, wani ya ɗan fi kusa da wannan gefe, wani da wancan. Gajiyar da kake ji bayan wuni cikin jama'a, da jinkirin da amsa take yi kafin ta nuna a zuciyarka, duk suna cikin siffofin wannan hali, kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake cuta.

Sai dai ba zan ɓoye maka gaskiya ba: duniyar aiki ta fi saurin ganin mai baki. A 2002 Timothy Judge da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike masu yawa da aka yi a kan hali da shugabanci, suka tarar cewa masu son jama'a da yawan magana su ne aka fi ɗauka a matsayin shugabanni. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya ƙara nuna cewa a cikin ƙananan ƙungiyoyi, yawan lokacin da mutum ya ɗauka yana magana yana da babban tasiri wajen zaɓensa jagora. Amma a zaɓe ka daban, ka iya riƙon jama'a daban. A 2011 Adam Grant na Makarantar Kasuwanci ta Wharton da ke Amurka, tare da abokan bincikensa biyu, suka nazarci rassan wani kamfanin sayar da abinci. A rassan da ma'aikata suke jiran umarni kawai, shugaba mai yawan magana ya fi kawo riba da kusan kashi 16 cikin 100. A rassan da ma'aikata suke da himma, suna kawo shawara da kansu, ribar irin wannan shugaba ta yi ƙasa da kusan kashi 14 cikin 100, domin yakan ga shawarar na ƙasa tamkar ana neman raba shi da fage ne, alhali shi mai shiru-shiru yakan saurara ya yi aiki da ita.

Ka lura da cewa wannan sakamako kaifi biyu gare shi. Idan mutanenka goma sha ɗayan nan masu himma ne, to halinka jari ne a gare ka. Idan kuwa irin waɗanda muka sani ne a wasu ma'aikatu, waɗanda fayil zai kwana bakwai a kan teburinsu sai an ce "ina aka kwana a kan kaza?", to dole ka koyi buɗe baki fiye da yadda ranka yake so, domin shirunka za su ɗauke shi a matsayin izinin kwanciya.

Mu a ƙasar Hausa ƙarancin magana bai taɓa zama aibi ga shugaba ba. Wanda ya taɓa zama a fada ya san sarki ba ya yawan zance. Amawali yana rufe da bakinsa, fadawa ne suke amsa gaisuwa a madadinsa, kuma idan ya yi magana sai kowa ya kasa kunne saboda an san ba ta fita a banza. A siyasar zamani ma an shaidi marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'adua da rashin hayaniya, amma ya mulki Katsina daga 1999 zuwa 2007, ya bayyana kadarorinsa a bainar jama'a bayan ya zama shugaban ƙasa, kuma a 2009 ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwar da ta kwantar da tarzomar yankin. To amma a tarihin mulkin nasa akwai darasi na biyu, wanda shi ne na fi so ka riƙe. Lokacin da aka tafi da shi jinya Saudiyya a watan Nuwamba na 2009, rashin bayani daga na kusa da shi ya jefa ƙasa cikin ruɗani da jita-jita har zuwa Fabrairun 2010, sa'ad da Majalisar Tarayya ta ba mataimakinsa riƙon ƙwarya. Jama'a suna iya zama lafiya da shugaba mai ƙarancin surutu shekara da shekaru, amma ba sa iya jure zama cikin duhu game da abin da ya shafe su. Nauyin da ke kanka shi ne abin da ke cikin zuciyarka game da aiki ya isa ga mutanenka a kan lokaci, ko da baki, ko a rubuce, ko ta hanyar wakili.

Ka fara da gaisuwa, domin ita ce maganin sunan miskilin da aka laƙaba maka. Idan ka iso da safe, kafin ka shiga ofishinka ka bi tebur-tebur ka gaisa da kowa, har masinja da mai shara, ka kira kowa da sunansa, ka tambayi wanda ɗansa ba shi da lafiya yaya mai jiki. Wannan ba zai ci maka minti goma ba, kuma ba ya bukatar barkwanci ko iya zance. Haka nan ta'aziyya da dubiya da suna: ka je, ko da zaman minti biyar za ka yi ka yi addu'a ka tashi. Bahaushe yana yafe wa mutum rashin hira, amma da wuya ya manta da wanda bai zo masa gaisuwar mutuwa ba. Kuma a zamanku na farko ka gaya musu a fili cewa kai ba mai yawan magana ba ne, idan sun ga ka yi shiru tunani kake yi, ƙofarka kuma a buɗe take. Wannan jimla guda za ta kashe rabin zargin da ake yi maka.

Game da miting, tunda amsa tana zo maka a makare, to ka riga ta. Ka nemi ajanda tun ana gobe, ka zauna kai kaɗai ka rubuta abu biyu ko uku da lalle sai ka faɗa, ka shiga da takardar a hannunka. Idan aka jefo maka tambayar da ba ka shirya mata ba, babu laifi ka ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe kafin azahar in duba fayil in kawo amsa." Sharaɗin kawai shi ne gobe kafin azahar amsar ta iso, idan ka cika wannan sau uku ko huɗu, za a fara jiran amsarka fiye da ta masu saurin baki. Mafi yawan aikin shugabancinka kuma ka mayar da shi zama na mutum biyu: ka riƙa kiran ma'aikatanka ɗaya bayan ɗaya, ko sau ɗaya a mako biyu, ka ji abin da yake hana aikinsu tafiya. A irin wannan zama ne mai sauraro yake fin mai surutu nesa ba kusa ba. Idan akwai mai baki a cikinsu wanda ka amince da shi, ka jawo shi jiki ya riƙa tarbar baƙi da jan ragamar taron da yake bukatar armashi. Annabi Musa (AS) da kansa, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas, ya roƙi Allah Ya haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna saboda ya fi shi fasahar harshe, kuma wannan bai rage masa komai daga jagorancinsa ba.

Inda nake ji maka tsoro shi ne kawaici a inda bai dace ba. Masu irin halinka sukan ga ma'aikaci yana makara ko yana wasa da aiki, su haɗiye, su ƙara haɗiyewa, sai ƙarshen shekara su zazzage masa a takardar APER, wato rahoton tantance ƙwazon ma'aikaci na shekara-shekara, ba tare da sun taɓa ja masa kunne ba. Wannan zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi shi ba. Ka kira shi a keɓe tun a makon farko, ka faɗa masa abin da ka gani da abin da kake so ya gyara, cikin jimla uku, da murya ƙasa-ƙasa irin taka. Za ka ji nauyin yin haka, amma yana cikin haƙƙin da kujerar ta ɗora maka.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar banki ce, shekarata shida ina aiki. An tarbiyyantar da ni a kan cewa 'ya mace ba ta ɗaga murya a gaban maza da manya. Sau da yawa nakan kawo shawara a miting a hankali, a wuce ta kamar ba a ji ba, can sai wani abokin aiki ya maimaita ta da ƙarfi, manaja ya yaba masa. A rahoton ƙarshen shekara an rubuta cewa ina bukatar in riƙa fitowa fili, kuma sau biyu ke nan ƙarin girma yana wuce ni. Yaya zan yi ba tare da na zubar da kunyata ba? (Wata 'yar'uwa, daga Kano)

AMSA: Malama, abu biyu ne suka haɗu a kanki, halin shiru-shiru da kuma tarbiyya, kuma ba na so ki yar da ko ɗaya. Kunya tana daga cikin imani, amma Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. A nan kusa kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara jajis (malamai mata masu jagoranci) da 'yan taru (matan da suke taruwa neman karatu) suna kai ilimi ƙauyuka, ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, kuma babu wanda ya taɓa tuhumarta da rashin kunya. Faɗin shawararki a kan aikin da ake biyanki albashi dominsa amana ce, kuma ɓoye ta tauye haƙƙin wurin aikin ne da naki baki ɗaya.

Tunda muryarki ba ta da ƙarfi, ki sa rubutu ya riga ta isa. Kafin miting ki aika wa manaja shawararki ta imel cikin layi huɗu ko biyar, da sunanki da kwanan wata, ta yadda idan aka zo zama zai riga ya san daga ina ta fito. A cikin zaman kuma ki yi ƙoƙari ki yi magana a farko-farko, domin duk yadda kika jinkirta haka nauyin bakin yake ƙaruwa. Ki daina buɗe zance da "wataƙila ba daidai ba ne" ko "ban sani ba ko an riga an faɗa", domin irin wannan shimfiɗa ita take ba mutane damar wuce maganarki. Idan wani ya maimaita abin da kika faɗa, ba sai kin yi fushi ko kin ɗaga murya ba. Ki ce, "Na gode, Malam, da ka dawo da shawarar da na kawo ɗazu; bari in ƙarasa bayaninta." Daga nan sai ki kawo alƙaluman da shi ba shi da su, tunda ke kika yi tunanin tun asali.

Akwai wata dabara da jaridar Washington Post ta ruwaito a 2016 daga matan da suka yi aiki a fadar shugaban Amurka zamanin Barack Obama. Sun lura ana wuce maganarsu, sai suka yi yarjejeniya cewa idan ɗaya ta kawo shawara, wata za ta maimaita ta tare da ambaton sunan mai ita. Ki nemi mutum ɗaya a reshenku, mace ko namiji mai adalci, ku yi wa juna haka. Sannan ki ajiye littafi na musamman da za ki riƙa rubuta duk aikin da kika kammala da sakamakonsa, domin ranar tantancewa ki shiga da hujja a hannu. Ki kuma tambayi manaja kai tsaye abin da yake nufi da fitowa fili, ya ba ki misali biyu. Idan ya kasa, to shi ma zai gane cewa hukuncin nasa a kan ƙarar murya ya gina shi.

TAMBAYA: Ni ɗan bautar ƙasa ne. Duk lokacin da aka ce in tashi in yi bayani, sai gabana ya riƙa faɗuwa, gumi ya keto mini, muryata ta riƙa rawa. Har ƙaryar rashin lafiya nakan yi don in guje wa taro, kuma kwana biyu kafin ranar ba na iya barci. Shin wannan ma shiru-shiru ne? (Wani matashi, daga Bauchi)

AMSA: Ƙanena, naka ya ɗan bambanta. Mai shiru-shiru yana iya tsayawa gaban jama'a, gajiya kawai yake yi bayan haka. Abin da ka kwatanta ya fi kama da matsanancin tsoron idon jama'a, wanda likitoci suka san shi kuma yana jin magani, galibi ta hanyar zama da ƙwararre a riƙa saba wa mutum da abin da yake tsoro sannu a hankali. Fargaba kaɗan kowa yana ji. Hamshaƙin attajirin nan na Amurka, Warren Buffett, ya sha faɗin cewa a ƙuruciyarsa tsoron magana a gaban mutane ya kai shi ga shiga kwas na koyon jawabi, kuma takardar shaidar kwas ɗin ce ya rataye a ofishinsa. Amma tunda naka ya kai ga hana barci da guje wa aiki, ka ga likita. Asibitocin koyarwa suna da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitocin tarayya na musamman a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma gara ka je yanzu tun kafin ka fara zuwa intabiyu na neman aiki.

TAMBAYA: Malam, ina da makaranta mai zaman kanta, firamare da sakandare, da malamai kusan talatin. Ina neman wanda zan naɗa shugaban makaranta. Akwai malamin lissafi wanda ya fi kowa riƙon amana da tsari, ɗalibansa kullum suna cin jarrabawa, amma a taron malamai da ƙyar yake cewa uffan. Akwai wani kuma mai baki, iyayen yara suna son sa, sai dai aikinsa bai kai na wancan ba. Wa zan ba? (Wani Alhaji, daga Zariya)

AMSA: Alhaji, kafin ka yanke hukunci a kan malamin lissafin, ka fara duba yadda taron naku yake gudana. A mafi yawan tarukan da na sani, mai gida ne yake fara faɗin ra'ayinsa, sai manya biyu ko uku su bi, sauran su ce "haka ne", a yi addu'a a tashi. A irin wannan zama, ƙaramin malami mai ladabi ba zai saɓa wa na gaba da shi ba, mai shiru-shiru kuwa kafin ya gama auna maganarsa an riga an wuce wurin. Tun a 1987 wasu masana biyu a Jamus, Michael Diehl da Wolfgang Stroebe, suka nuna cewa mutanen da kowannensu ya zauna shi kaɗai ya rubuta dabarunsa sun fi waɗanda suka taru suna faɗa da baki yawan dabaru, kuma babban dalili shi ne mutum ɗaya ne yake iya magana a lokaci guda, saura suna jira har abin da ke ransu ya ɓace. Kamfanin Amazon ma tun a 2004 shugabansa na lokacin, Jeff Bezos, ya sauya tsarin tarukan manyan jami'ansa, ya zamana ana rubuta bayani, wanda yakan kai shafi shida, kowa ya karanta shi shiru a farkon zama kafin a fara muhawara.

Kai ba ka bukatar shafi shida. Ka raba ajanda kwana biyu kafin taro, idan an zauna ka ba kowa 'yar takarda da minti biyar ya rubuta ra'ayinsa a kan batun, sannan ka fara jin ta bakin ƙananan malamai, manya su biyo baya, kai kuma ka zama na ƙarshe. Ka yi haka zango ɗaya, za ka ji abubuwan da malamin lissafin nan ya daɗe yana riƙe da su.

A nawa ganin shi ya fi cancanta, domin aikin shugaban makaranta mafi yawansa jadawali ne, da bin diddigin darasi, da riƙon kuɗi da rajistar jarrabawar WAEC da NECO, da adalci tsakanin malamai, kuma duk waɗannan ka shaide shi da su. Sai dai akwai abu guda da ya kamata ka gwada shi a kai kafin naɗi, wato ko zai iya fuskantar mutum ya faɗa masa magana marar daɗi. Ka ba shi riƙo na zango guda, ka bar masa shari'ar malamin da ya saba makara, da ta uban da ya zo a fusace saboda an maimaita wa ɗansa aji, ka ga yadda zai yi. Idan ya tsaya ya yi bayani cikin natsuwa bai kauce ba, ka tabbatar masa da kujerar. Shi kuma mai bakin ka naɗa shi mataimaki mai kula da hulɗa da iyaye da taron PTA da bikin yaye ɗalibai, ka rubuta wa kowannensu iyakar aikinsa a takarda, kuma ka sanar da naɗin da bakinka a gaban dukkan malamai domin kowa ya san wanda zai kai wa ƙara.